Tire Goma Sha Ɗaya da Warwaron Mak

Jama'a ku gyara zama, yau bakina ya ƙi rufuwa. Ina rubuta muku wannan da zoben baiko a yatsana, bini-bini in ɗaga hannu in kalle shi kamar wadda ba ta taɓa ganin zinare ba. Amma kafin ku cika min waya da "Allah ya sanya alheri", ku tsaya ku ji abin da na jawo wa kaina da yatsun nan nawa masu saurin rubutu.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Syazwina, a gida Wina. A garin Ipoh muke, ni da mahaifiyata da nake kira Mak, mu biyu rak tun da Allah ya yi wa Babana rasuwa. Ina aiki a wani asibitin haƙori, ni ke rubuta sunayen masu zuwa. Ciwona guda ne, kuma ba na ɓoye shi: ba na iya sayen abu a cikakken kuɗinsa. Ko sabulun wanki na ɗauka na ga babu ragi, sai in ji kamar ni aka kwantar ana cire wa haƙori. Wayata cike take da manhajojin kantuna, jakata cike da takardun rangwame da na yanko, ga katin kantin Seri Murni da ake manna wa sitika duk sanda ka yi sayayya, in ya cika ka karɓi tukunya ko tawul kyauta. Na san ranar da ake karya kuɗin kaza, na san katin bankin da in ka biya da shi ake dawo maka da wani abu a waya. Ku tashe ni daga barci ku tambaye ni ina man girki ya fi araha a satin nan, zan faɗa muku ban buɗe ido ba.

Mak ta tsani halin nan nawa.

"Wina, ke dai kin zama abin nuni a unguwa. Matar liman ta ce ta gan ki kin tsayar da layi guda kina lalube a jaka saboda 'yan canji, sen hamsin kacal."

"Mak, sen tamanin ne fa."

"Allah ya shirye ki. Ki dai tabbata gidan su Azrul ba su ji ba. Mutanen nan ba irinmu ba ne, za su ce ɗansu ya ɗauko marowaciya."

Azrul, da nake kira Abang, shi ne wanda nake so, kuma ina faɗa da babbar murya. Dogo ne, mai sanyin magana, in na fara lissafin ragi sai ya tallafe kumatu yana kallona yana dariya. Babansa, Alhaji Zainal, babban mai sayar da kayan gini ne. Mamarsa kuwa, Hajiya Rokiah, sau biyu kacal na taɓa ganinta. Ba ta da yawan magana, mayafinta na siliki ne, awarwaron zinare a hannunta in ta ɗaga kofin shayi sai ka ji ƙararsu daga ƙofa.

An tsayar da baiko ranar Asabar. Kun dai san yadda ake yi: dangin namiji su zo da tire-tiren kyauta, dangin mace su mayar da nasu, kuma lalle namu ya ɗara nasu da biyu. An yi magana su biyar, mu bakwai. Bakwai ɗin nan na daɗe da haɗa su a hankali, na jere su a ɗakina na lulluɓe da zani, hankalina kwance.

Ranar Lahadi da hantsi ina yankan albasa sai ga saƙon Azrul.

"Wina, kada ki tayar da hankalinki."

Duk macen da aka ce wa haka ta san abin da ke biye. Na ajiye wuƙa.

"Abang, me ya faru?"

"Mama ta ce tire tara za a kawo."

"TARA?"

"Na yi mata magana wallahi. Ta ce ta riga ta faɗa a gaban dangin Baba, ba halin janyewa."

"To mu sha ɗaya ke nan. Ka san yau Lahadi kuwa?"

"Bari in turo miki wani abu ki cika da shi, ba wanda zai sani."

"Kada ka soma. In saya maka kyauta da kuɗinka? Ai gara in sa albasar nan a tire."

Da na faɗa wa Mak, zama ta yi a kan kujerar kicin. Yayar Babana, Gwaggo Esah, da ta zo taya mu soya kayan baƙi, ita ta riƙe haɓa.

"Tirƙashi! Sun fara gwada mu ke nan. To wallahi ko goma aka mayar an gama da mu a garin nan. Sai an yi jikoki ana cewa gidan da suka kasa cika tire."

Mak ta tashi ta shiga ɗaki. Ta jima kafin ta fito, tana murza wuyan hannunta na hagu, warwaronta a tafin hannun dama. Warwaro ɗaya tal gare ta, siriri, wanda Baba ya saya mata da aka haife ni. Tun ina yarinya ban taɓa ganin hannun nan babu shi ba, har wurin ya yi fari.

"Gobe zan kai shi jingina," ta ce. "In Allah ya hore a karɓo."

Na san ba za a karɓo ba. Sarƙarta ma haka aka ce lokacin jinyar Baba. Na karɓi warwaron na kama hannunta na mayar mata da shi.

"Mak, ki ba ni zuwa Juma'a. In ban cika tire huɗun nan da abin da ke asusuna ba, ni da kaina zan raka ki."

"Da me za ki cika? Da takardun nan naki?"

"Da su fa."

Gwaggo Esah ta ja tsaki. "Za a kai wa ɗan Alhaji Zainal sabulun wanki, a sayi ɗaya a ba da ɗaya."

Na shige ɗaki raina na tafasa, na buɗe zaurenmu. Wani zaure ne a waya na mata masu farautar ragi a Ipoh, mun kai ɗaruruwa, ba a ganin lambar kowa, sai sunan da ka raɗa wa kanka. Ni 'Yar Sitika ce. Shugabarmu kuwa Uwar Ragi, hotonta tukunya ce kawai, ba wanda ya san fuskarta. Matar nan in ta ce a tafi kanti kaza gobe, to ka tafi, ba ta taɓa kuskure ba. Can na je na zazzage cikina, kuma ga abin da na rubuta, ban rage komai ba:

"'Yan uwa ku cece ni! Baikona ranar Asabar, an yi magana tire biyar, uwar saurayin ta wayi gari ta mayar tara don duniya ta san suna da shi. Hajiya ce mai fankama, awarwaro har gwiwar hannu kamar kantin zinare ne ya tashi yana tafiya. Yanzu mahaifiyata za ta jinginar da warwaronta ɗaya tal da marigayi Babana ya bar mata. Tire huɗu nake nema."

Nan da nan zaure ya kama da wuta. Masu jajantawa na yi, masu ba da labarin tasu surukar na yi. Uwar Ragi shiru, alhali na ga alamar ta karanta. Sai bayan la'asar ta shigo min ta gefe, mu biyu.

"Kantin zinare mai tafiya, ko? Allah ya ba ki haƙuri. Me da me kika riga kika haɗa?"

Na lissafa mata: sallaya da Alƙur'ani, riga, hula, agogo, kayan marmari da sauransu.

"Saura turare, takalmi, kek da tawul. Share hawayenki, warwaron nan ba inda za shi. Gobe kada ki sayi komai, ki jira Talata."

Wayyo jama'a, satin nan ban taɓa jin daɗin rayuwa irinsa ba! Kullum da safe saƙonta ne ke tashina kafin ƙarar agogo. Talata ta tura ni wani kantin turare da ke yin ragi ga duk wanda aka haifa a cikin watan, ni kuwa watan haihuwata ne, na manta shaf. Ta ce in ɗora takardar rangwamen da ke manhajarsu a kai, sannan in biya da katin da ke dawo da kuɗi. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta danna, ta sake dannawa, ta kira babbansu.

"Ranki ya daɗe, ba a haɗa ragi biyu."

Na miƙa masa waya. "Karanta ƙananan rubutun can ƙasa. An ce ba a haɗa shi da ragin kaya. Na ranar haihuwa ba ragin kaya ba ne."

Ya karanta, ya kalle ni, ya sake karantawa. "Ke lauya ce?"

"A'a, amarya ce."

Na fito da turaren da ko a mafarki ban zata zan riƙe ba, a kuɗin da bai kai rabi ba. A bakin titi na tsaya na buga tsalle, wani tsoho mai sayar da rake ya ce, "Lafiya 'yan mata?" Na ce lafiya lau Baba, Allah ne ya yi.

Takalmin kuwa, ta ce in zuba shi a kwandon manhaja in fita ban biya ba, za su biyo ni da ragi da kansu. Na ce anya? Washegari sai ga saƙonsu suna lallashina kamar saurayin da aka yi wa fushi. Kek ɗin da makin da na tara a gidan burodi na karɓe shi, ko sen ban cire ba. Kowane dare in na shigo da leda, Mak ta kalli ledar ta kalle ni.

"Ba dai sata kika fara ba ko?"

"Mak, ga rasit."

Ta ƙura wa rasit ido, ta matso da shi kusa da fitila. "Ikon Allah. Su kuma masu kantin da me za su ci abinci?"

Saura tawul. A Seri Murni akwai wasu tawul masu laushi, farare tas da zaren zinare a baki, in ka cika kati biyu a ba ka saiti guda. Katina na biyu saura sitika shida, ga shi ranar Alhamis za a rufe. Na rubuta wa Uwar Ragi cewa na makale.

"Ki je wurin Malar, mai karɓar kuɗi ta kusa da ƙofa. Ki ce 'Yar Sitika ce."

Ina tashi daga aiki na ruga. Malar ta kalle ni ta yi murmushi, ta zaro wata 'yar ambulan daga ƙarƙashin teburinta.

"Wata Anti ce ta bari ɗazu."

"Wace ce? Ya take?"

"Ta ce in na faɗa ba ni ba kek ɗin sallah."

Sitika shida cif a ciki, ambulan ɗin na wani ƙamshin fure mai sanyi da ya kama min yatsu har na isa gida. Saiti na ƙarshe na samu, wallahi na ƙarshe, wata mata a bayana har da harara. Na tura wa Uwar Ragi hotonsa da godiya kamar in yi kuka.

"Ki duba da kyau," ta rubuto. "Kayan kyauta suna da tambari. Ki hura masa iskar abin busar da gashi, zai ɗago ba tabo. Ki duba KO'INA."

Na cire na jikin kwalin, na jefar da kwalin ma gaba ɗaya, na ce shi ke nan. Ranar Juma'a muka baje a falo muna ado. Gwaggo Esah, wadda ta yi min gorin sabulu, ita ce ta naɗe tawul ɗin ya zama fure, tana yi tana shafa shi a kumatu.

"Wannan ai na otal ne. Wina, katin nan naki ana yi wa tsofaffi?"

Tire goma sha ɗaya suka jeru a kan kafet, kowanne da lesi ruwan hoda da furanni. Mak ta tsaya a kansu ta daɗe, tana juya warwaronta. Ba ta yabe ni ba, ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi, "Je ki ci abinci, kin rame."

Asabar bayan azahar motoci suka cika layinmu. Na sa baju kurung ɗina, wato riga da siket ɗinmu na gargajiya, ruwan hoda mai duwatsu a wuya, mayafi ya sha allurai har ina tsoron juya kai, aka zaunar da ni a kan matashi a ɗaki. Gidan duk ƙamshin rendang, naman nan da muke dafawa da kayan yaji, da shinkafar kwakwa. Azrul yana waje cikin mota, don a al'adarmu saurayi ba ya shiga wurin baiko, sai saƙo yake jero min.

"Kin yi kyau?"

"Ina ka gan ni?"

"Ba sai na gani ba. Sha ɗaya sun cika?"

"Cif. Ka shirya yin ƙamshi."

Maza suka gama magana a falo, aka sa rana, aka yi addu'a. Sannan aka fito da ni, mata suka kewaye tire-tire. Na lura Hajiya Rokiah tana zama wuyan hannun Mak ta fara kallo, amma ban kawo komai a raina ba. Gwaggo Esah ta karɓe fage, tana nuna kaya ɗaya bayan ɗaya kamar ita ta saya.

"Wannan turaren daga waje yake. Tawul ɗin nan kuwa, Hajiya taɓa ki ji, sai an yi oda ake samunsa."

Wata ƙanwar Alhaji Zainal mai tabarau ta kai hannu ta ɗaga furen tawul. Naɗin ya warware. A can cikin gefensa, ga wani ɗan jan tambari ya leƙo, rubutunsa ɓaro-ɓaro: kyauta ce daga Seri Murni, ba ta sayarwa ba ce.

Matar ta gyara tabarau ta fara kai ido. Na ga Mak ta sunkuyar da kai, Gwaggo Esah kuwa bakinta a buɗe ya tsaya. Kafin matar ta haɗa harafi biyu, sai ƙarar awarwaro, Hajiya Rokiah ta zare tawul ɗin daga hannunta, babban yatsanta daidai kan tambarin.

"Kai, Maimon, kin ɓata musu ado. Kawo nan." Ta naɗe shi da kanta, tambarin ya koma ciki, ta ajiye. "Tawul mai kyau ne. Wanda ya zaɓe shi ya san kaya. A kawo zobe."

Ta matso ta zauna a gabana, ta kama hannuna. A lokacin ne ƙamshin ya bugi hancina. Fure mai sanyi, irin na ambulan. Na ɗago kai ban shirya ba. Tana zura min zobe, masu waya na ta ɗaukar hoto, ta sunkuyo kamar za ta sumbaci kumatuna, ta raɗa min a kunne:

"Na ce miki ki duba ko'ina, 'Yar Sitika."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige. A hotunan da aka ɗauka duk kowa na murmushi, ni kaɗai ce idanuna waje kamar an taka min ƙafa. Dangi sai cewa suke amarya kunya, amarya ta ji daɗi har ta kasa magana. Ita kuwa Hajiya ta koma wurinta ta ɗauki kofin shayi, ko a jikinta.

Da baƙi suka watse na kulle kaina a ɗaki. Daga kicin ina jiyo Mak tana wanke kofuna, warwaronta na bugun bakin roba, ƙaramar ƙarar da na taso ina ji. Na zauna a bakin gado ina dariya ina hawaye lokaci guda. Sai waya ta yi ƙara. Hoton tukunya.

"Kin zata fankama ce ta kai ni tara? Ragi na tarar, in ka sayi biyu a ba ka na uku, hannuna ya ƙi tsayawa. Bakina kuma ya riga ni a gaban dangin Alhaji. Ban yi tunanin zai kai ga warwaron mahaifiyarki ba. Wannan laifina ne, ki yafe min."

Ban gama share ido ba wani ya shigo.

"Alhaji bai san ina zauren nan ba, Azrul ma bai sani ba. Duk a zatonsu cikakken kuɗi nake biya. In kika faɗa, ni ma ina da saƙonki na ranar Lahadi, ban goge ba."

Sai na uku.

"Gobe da safe akwai ragin kifi a Seri Murni. Ki zo da katinki, ki zo ke kaɗai. Kantin zinare na son magana da ke."

A saman allon kuma ga Azrul yana ta jero tambaya: "Wina, me Mama ta raɗa miki? Tun da muka shiga mota take dariya ita kaɗai."

Har yanzu ban ba shi amsa ba. Na dai ciro katina na sa a jaka, na goge mayafin da ya fi kowanne rufe fuska.